Bijimin da Sabo Bai Sa wa Ido Ba

Ranar da labarin ya same ni ba ta taɓa fita daga raina ba. Talata ce, da hantsi. Ina kan tsani a ƙofar wani shagon magani a Birnin Kudu, ina cike harafin ƙarshe na sunan mai shagon, sai waya ta dinga ƙara a aljihuna. Na san zauren masu zane ne, wato guruf ɗinmu na waya, don babu mai nemana da irin wannan naci sai su. Na ce bari in gama harafin tukuna, kada fenti ya bushe a buroshi. Na gama, na sauko, na goge hannu da kananzir, sannan na duba.

Wani ɗan zauren ne, mai zanen bayan manyan motoci, ya turo hoto yana kan hanyarsa ta wucewa. Babur ne kwance a gefen kwalta, gwangwanin shuɗin fenti ya fashe ya malale har tsakiyar titi. Bai nuna mutum ba, Allah ya saka masa da alheri. A ƙasa ya rubuta: "Wani mai fenti ya yi haɗari a hanyar Gwaram, an ce rai ya yi halinsa. Akwai wanda ya san shi?" A gefen hoton akwai buroshi uku a warwatse, an naɗe mariƙinsu da jar roba. Ni na naɗa robar nan da hannuna.

Kafin in ci gaba, bari in yi bayani ga ku da kuka shigo sana'ar nan bayan na'ura ta fara buga allo. A zamaninmu aikin bango na mutum biyu ne, mai rubutu da mai zane, kuma da wuya a samu wanda ya haɗa duka. Ni da Sabo mun haɗu ne a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Lokacin kowane allon ofis da na makaranta yana bukatar a goge Kano a rubuta Jigawa, aiki ya yi wa masu fenti yawa. Ni firamare kawai na gama, amma rubutuna a miƙe yake. Sabo mutumin Dingaya ne, ya girme ni da shekara bakwai, karatun allo ya yi, bai san boko ba. Amma in ka ba shi gawayi, zai zana maka akuya har ka ji kamar ka kore ta daga kan shanya. Wani ɗan kwangila ya haɗa mu aikin sati biyu. Muka yi shekara talatin da ɗoriya.

Da kaka ta yi, mukan ɗaure kaya a babur mu shiga ƙauyukan Gwaram. Mu kwana a aji ko a zauren mai unguwa, mu ci abin da aka kawo mana. Mun yi bangon makarantu, shagunan aski, rumfunan mahauta, da bayan motocin kasuwa. Tsarin aikin ɗaya ne kullum. Ni nake shafe bango da fari, in ja layi da zaren da aka turbuɗa a bula. Sabo ya zana da gawayi, ya bi da launi, ido kuwa shi yake sawa a ƙarshe. Daga nan sai in rubuta sunan kowane abu a ƙarƙashinsa. Abu na ƙarshe shi ne sa hannu: a kusurwar ƙasa ta dama ana rubuta sunan mai aiki, daga baya da waya ta zo aka ƙara da lamba. Da wannan kusurwar ake samun aiki na gaba.

A bangonmu na farko na tambaye shi, "Yaya, Sabo da Ila zan rubuta, ko Ila da Sabo?"

Ya ce, "Rubuta naka kai kaɗai."

Na ɗauka kara yake yi mini. Ashe ba haka ba ne. Malaminsa ya taɓa gaya masa cewa mai zana abu mai rai za a nemi ya busa masa rai ranar lahira. Maganar ta zauna masa. Bai iya barin zane ba, domin da shi yake ci da iyali, kuma ko ba don haka ba hannunsa ba ya zama. Sai ya samo wa kansa dabara biyu. Duk dabbar da ya zana, sai ya ja wani siririn layi fari a wuyanta, wai ya raba kai da gangar jiki. Na biyu kuma, ba a rubuta sunansa. Ni ba malami ba ne, ban san ko layin yana da wani amfani ba. Abin da na sani, bai taɓa mantawa da shi ba, ko a wuyan ɗan tsako.

Da muka fara sa lambar waya, sai ya samu abin tsokana. Yakan ce, "Ka ga yanzu ma an sauƙaƙa musu. In an zo tambaya, ga sunanka ga lambarka, sai su kira ka kai tsaye."

In ce, "Sai in ce musu ba na kusa, ina can ƙauyen Farin Dutse."

Ya ce, "Can ma akwai sabis yanzu."

Zauren waya kuwa, surukina ne ya sa ni a ciki, wajen shekara biyar kafin rasuwar. Ba zan ci amanar zauren nan ba, ya yi mana rana. Akwai masu zane daga Kano, Azare, Jos, har Maraɗi. Nan ake jin inda ake samun fenti mai kyau da wanda aka sirka. In aiki ya yi wa wani nisa, sai ya miƙa wa na kusa. Akwai ranar da babur ya mutu mana a garin da ba mu san kowa ba, na yi magana a zaure, kafin la'asar wani ɗan'uwa ya zo ya kai mu gidansa. Shugaban zauren wani matashi ne a Kano mai suna Nura, kuma dokarsa ita ce duk Alhamis kowa ya turo aikin da ya yi a satin.

Alhamis ɗina ta farko na tura raƙumin da Sabo ya zana a wata makaranta a Dingaya. Sunana na nan a kusurwa, kamar kullum. Nura ya rubuto, "Baba Ila, ashe da irinku a daji muke ta wahala a birni? Wannan hannu sai dai a yi masa addu'a." Na fara rubuta cewa ba ni na zana ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu a waya, ina neman harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kafin in kai rabin jimla, yabo ya wuce ashirin. Na dubi abin da na rubuta, na goge, na ce sai gobe.

Ina so in faɗi wannan daidai yadda yake. Ban taɓa cewa ni na zana ba. Ban kuma taɓa cewa ba ni ba ne. Shekara biyar na yi a tsakanin waɗannan biyun, kuma ban ji matsi ba. Duk ƙauyen da muka taɓa kwana sun san wa ke riƙe da gawayi. Waya ce kaɗai ba ta sani ba.

Ba a jima ba suka lura da layin wuya. Suka ɗauka ado ne, suka sa masa suna sarƙar Baba Ila. Samari suka fara kwaikwayo. Dokin bayan mota, sarƙa. Zakin shagon aski, sarƙa. Wani Bulus, mai zane a Jos, mutum mai raha, ya zana jirgin sama ya ja masa layi a bayan hanci. Da na nuna wa Sabo, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Shi ma jirgin tsoron hisabi yake?"

Ya san ban faɗa musu ba. Bai taɓa cewa in faɗa ba. Duk Alhamis, bayan mun tashi aiki, nakan karanta masa abin da aka ce. Shi kuma ya duƙa yana wanke buroshi kamar ba ya ji. In na gama ya ce, "To, ka ce musu ka gode." Amma wani lokaci sai ya ce, "Na Jos ɗin nan, me ya ce game da ƙafar baya?" In Bulus ya ce ƙafa ta yi tsawo, a bango na gaba sai ka ga ƙafar ta gyaru.

Aikinmu na ƙarshe a wata firamare ne a Zandam, bangon dabbobin gida. Shuɗi ya ƙare, ni kuma ina da aikin rubutu na kwana biyu a Birnin Kudu, sai muka fito tare ya sayi fenti. Safiyar Talatar ni na ɗaure masa gwangwanin a bayan babur. Ya ce, "Saura sararin sama da idon bijimi. Ka zo jibi ka rubuta sunanka." Wannan ce maganarsa ta ƙarshe gare ni.

To ina tsaye a gindin tsani da waya a hannu, Nura ya rubuto, "Baba Ila, yankinku ne. Ko ka san shi?"

Na rubuta, "Sabo ne."

"Wane Sabo?"

Wani ya ce, "Yaronka ne, Baba?"

Na rubuta, "Abokin aikina ne."

Daga nan gaisuwa ta ɓalle. Sun yi addu'a, kuma na yarda da zuciya ɗaya suka yi. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta, "Allah ya ji ƙan mai riƙe wa Baba tsani." Mutum goma sha wani abu suka ce amin.

An yi jana'iza a Dingaya bayan la'asar. Ba zan yi dogon bayani a kanta ba. Akwai shuɗi a ƙarƙashin farcensa da bai fita ba.

Bayan sadakar uku, hedimastan makarantar Zandam ya kira ni. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce suna sa ran baƙi, bango kuma bai kammala ba. Na je ranar Laraba. Na shafa sararin sama, don shafe aikina ne. Na rubuta sunayen dabbobi: akuya, tunkiya, jaki, zabo, bijimi. Bijimin yana tsaye a gefe ɗaya, tozonsa ya kwanta, layin nan fari a wuyansa, wurin ido kuma fili.

Hedimasta ya ce, "Malam Ila, ido ɗaya ne fa. Shekara talatin kana kallon mutumin nan yana yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kallo na yi."

Ya ce in gwada. Na samu kwali na gwada a jikinsa, sau tara. Ya karɓa ya duba, ya juya shi sama da ƙasa. Mutum ne mai kunya. Ya ce, "Wannan na kifi ne, ina ji. Wannan kuma maɓallin riga." Na ce masa a sana'armu ba a sa hannu a zanen wani sai da izininsa. Haka dokar take, amma ranar ta yi mini amfani fiye da kima.

Washegari Alhamis. Na ɗauki hoton bijimin na tura zaure, da niyyar in bi shi da bayani. Yatsan nan nawa dai bai ƙara sauri ba. Ina kan kalma ta huɗu Nura ya rubuto, "Ku duba hikima. Baba ya bar shi ba ido don makokin yaronsa. Wannan shi ake kira zane mai magana." Kafin azahar wani yaro a Azare ya turo doki ba ido, da sarƙa a wuya, ya ce ya bi sahun Baba. Na kashe wayar na sa a aljihu.

Na hau mota zuwa Dingaya wurin matarsa, Yaya Talatu. Tana cikin takaba, daga bayan labule muka yi magana. Na gaya mata komai, har da maganar tsani. Na ce, "Yaya, abin da ya hana ni barci ke nan. In na yi shiru, na cinye aikinsa har bayan ransa. In na faɗa, na ɗora sunansa a kan abin da ya yi shekara talatin yana ɓoye shi daga gare shi."

Ta ce, "Bai so a rubuta ba, wannan ka sani. Amma duk dawowar da zai yi sai ya zaunar da ni ya maimaita mini abin da mutanen wayarka suka ce. Har muryar na Jos yake kwaikwayo, shi da bai taɓa jin muryarsa ba."

Na ce, "To in faɗa ko in bari?"

Ta ce, "Ni kake tambaya, Ila? Kai kake kwana da shi a aji wata takwas. Ni sai damina nake ganinsa."

A bakin hanya, ina jiran motar komawa, na danna saƙon murya, tunda rubutu ya ci amanata sau biyu. Na ce sunana Ila, mai rubutu ne ni, ban taɓa zana ko kaza ba. Na ce duk dabbar da suka gani shekara biyar ɗin nan Malam Sabo na Dingaya ne ya zana ta, mutumin da suka ga fentinsa a kan kwalta. Na ce ni ne mai riƙe tsani. Na nemi su yafe mini.

Na tura. Sannan Nura ya turo murya, kamar zai yi kuka. Ya ce, "Jama'a, kun ga tawali'u? Baba yana so ya ba mamaci ladan aikinsa. Baba, Allah ya ba mu irin zuciyarka." Amin ta sake zubowa. Na faɗi gaskiya sau ɗaya a shekara biyar, ita ma ta zama yabo.

Bulus ne kaɗai ya yi wata magana daban. Ya ce, "Baba, turo mana hotonsa mu gan shi."

Na shiga wayata. Hotunan bango sun fi ƙarfin ƙirga: raƙuma, shanu, taswira, kawunan aski. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har batir ya yi ja. Babu Sabo. A guda ɗaya akwai gwiwar hannunsa a gefe. A wani akwai inuwarsa a ƙasa, da hula. Sai na tuna abin da nake cewa duk sanda zan ɗauka: "Matsa kaɗan, Yaya, kana shiga hoton." Shi kuma ya matsa.

Kwalin nan na Zandam yana cikin jakata. Na ɗauke shi hoto na tura, na ce, "Ga idanu tara da na zana jiya da hannuna. Ku zaɓi wanda za a sa wa bijimin."

Nan da nan amsa ta zo. Nura ya rubuto, "Innalillahi. Baba, mun yarda."

Bulus ya tambayi ma'anar layin, na gaya musu. Ya ce, "Kai, ashe jirgina na yanka ban sani ba." Wasu suka daina jan layin daga ranar. Wasu suka ce yanzu ma suka fara. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Ranar sadakar arba'in mutum huɗu daga zauren suka zo Dingaya, ciki har da Nura da Bulus, wanda ya taso tun daga Jos. Suka ce in kai su su ga raƙumin. Bulus ya daɗe a gabansa. Ya ce, "Ƙafar bayan nan ce na ce ta yi tsawo." Na ce, "Ya ji. Ya gyara a Farin Dutse." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Yanzu ba a cewa sarƙar Baba Ila. Layin Sabo ake cewa. Mutumin da ya hana a rubuta sunansa a kusurwar bango ɗaya, sunansa na yawo a wuyan dawakin bayan mota daga Jos har Maraɗi. Ban san ko gyara na yi masa ko ɓarna ba. Na tambayi malamai biyu, kowanne ya ba ni amsa daban, sai na bar tambaya na koma yi masa addu'a.

Abin da zan ce muku, ku na baya, kaɗan ne. Sunan da ke kusurwa yana nuna wanda ya iya rubutu ne kawai. In aiki ya burge ku a waya, ku tambayi wa ya riƙe gawayin, domin mutanen sana'ar nan suna da saurin yabo, kuma yabo ba ya tsayawa ya duba ko gidan da ya shiga nan aka aike shi. In kuma kuna da abokin tafiya, ku ɗauke shi hoto tun yana tsaye a gaban bangon.

Nura ya ce zai zo ya sa wa bijimin ido, na ce ba a ba shi izini ba. Hedimasta ya gaji ya daina kira, baƙinsa sun zo sun tafi, yara kuma sun saba, makahon bijimi suke ce masa. Sau biyu ina zuwa Zandam da ƙaramin buroshi don in cike kusurwar ƙasa ta dama. Nawa ba zai shiga wurin ba. Nasa kuma ya ce kada a rubuta. Har yau bijimin ba shi da ido, kusurwar kuma fara ce.